Yadda ake gane tsohon kayan aikin hannu da ba a san sunansa ko amfaninsa ba

A wurin share ɗakin dattijon da ya rasu, ko buɗe tsohuwar adaka, ko tonon harsashin gini, akan ci karo da wani ƙarfe mai ƙota wanda duk gidan ba mai iya faɗin sunansa. Galibi sai a jujjuya shi a hannu, wani ya ce ya yi kama da kaza, daga nan sunan ya bi shi. To kama da wane ba ta wane ba ce. Duk kayan da aka yi aiki da shi shekara da shekaru yana ɗauke da shaida a jikinsa: inda ya cinye, inda hannu ya goge shi ya yi sulɓi, inda guduma ta sha dukansa, da abin da ya maƙale a lungunansa. Wannan shaidar ake fara karantawa, suna ya biyo baya.

Kayan da za ka tanada

- Tef ko rula mai inci a gefe ɗaya, milimita a ɗaya gefen. Duka biyun za su yi maka aiki.
- Maganaɗisu. In babu, na bayan tsohuwar sifikar rediyo ya isa.
- Tocila, ko fitilar waya.
- Tsohon burushin haƙori da tsumma mai laushi.
- Kananzir kamar rabin kofi.
- Alli, fensir da farar takarda marar kauri.
- Ƙaramin magagari.
- Sikelin da ke auna giram, in ana samu.
- Safar hannu mai kauri, da littafin rubutu.

Injin wasa ƙarfe da sanfefa ba sa cikin jerin nan, kuma da gangan ne.

1. Kafin ka taɓa, kafin ka wanke

Sa safar hannu. Tsatsa tana ɓoye kaifi, kuma yankan tsohon ƙarfen da ya kwana a ƙasa yana iya jawo tetanus, ciwon da ke sandarar da jiki, don haka in ya yanke ka, wanke wurin da sabulu ka je a duba ko kana buƙatar allura. Abubuwa uku kuwa hattara ta musamman suke so. Kan kibiya ko mashi mai baƙin abu kamar ƙaro a wuyansa yana iya zama dafin ƙwanƙwani ne, wanda ba ya saurin mutuwa ko an daɗe. Tsohuwar bindigar toka tana iya kasancewa a ɗure. Ƙarfe mai siffar kwalba ko babban harsashi, rufaffe ta ko'ina, ba a buga shi, ba a sa shi wuta, ba a ɗauke shi. Hukuma ake sanar wa.

Sai ka rubuta inda aka same shi da abin da ke tare da shi. Wannan ya fi komai saurin ɓacewa, kuma sau da yawa shi ne rabin amsar. Ƙarfen da aka samu cikin zabira tare da ƙaho da aska, ai wanzami za ka nema. Wanda ya fito daga akwatin da ke da basilla da guntayen fata, wurin baduku za ka dosa. Tambayi tsofaffin gida sana'ar mai kayan, da ta mahaifinsa, da ko ya taɓa aikin reluwe, soja, En'e, ko kamfanin sayen gyaɗa da fata. Kada ka raba kayan da aka samu wuri ɗaya, ko da wasu ka san su sarai, domin sanannun su ne za su nuna maka baƙon.

2. Hoto da awo

Shimfiɗa farar takarda a inuwa mai haske, ka ajiye rula kusa da kayan, ka ɗauki hoto ta sama, ta ƙasa, ta gefe biyu, sannan ka matso ka ɗauki baki da gindi da mahaɗar ƙarfe da ƙota. Hoton da ba rula a ciki bai cika amfani ba, don mai kallo ba zai san ko abin taƙi ɗaya ne ko kamu biyu ba.

Auna tsawo, faɗin baki, kauri, faɗin kowace huda, da nauyi. Rubuta kowane awo da inci da milimita, ka ga wanne ya faɗa daidai. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Bakin da ya ba ka milimita 12.7 rabin inci ne cif, wato an yi shi a ƙasar da ke awo da inci, Ingila ko Amurka. Wanda ya ba ka 10 ko 12 ko 20 daidai ya fi kama da na Faransa ko Jamus, irin waɗanda suka fi yawa a Nijar, Chadi da Kamaru. Ƙirar gida ba ta bin ko ɗaya, don maƙeri da ido da yatsa yake awo.

3. Da me aka yi shi

Kanga maganaɗisu. In ya kama, ƙarfe ne. In bai kama ba, duba launi a wani ɓoyayyen wuri: ja-ja jan ƙarfe ne, ruwan ɗorawa tagulla ce, mai toka-toka da nauyi da laushi har farce na iya yi masa zane dalma ce, fari marar nauyi kuwa alminiyum ne. In abin ƙarfe iri ɗaya ne kuma ba rami a cikinsa, kana iya tabbatarwa da ruwa: auna nauyinsa da giram, tsoma shi a mazubi mai awo, ka ga mililita nawa ruwan ya ƙaru, ka raba nauyin da wannan adadi. Ƙarfe yana ba da wajen 7.8, tagulla 8.5, jan ƙarfe 8.9, azurfa 10.5, dalma 11.3, alminiyum 2.7.

In ƙarfe ne, goga magagari sau ɗaya ko biyu a wurin da ba a gani. In ya ci cikin sauƙi, ƙarfen mai laushi ne. In ya zame yana ƙara bai kama ba, an ba ƙarfen tauri. Gwada kusa da baki, ka kuma gwada can baya. Baki mai tauri da jiki mai laushi alama ce ta abin da aka yi don yanka ko huda wani abu mai ƙarfi. Abin da yake da laushi gaba ɗaya ba lalle ne na yanka ba, ko da siffarsa ta yi kama da wuƙa; nemi amfaninsa wajen riƙo, rataya, zungura ko goga.

Kayan da aka yi abin da su suna sa wa shekarunsa iyaka. Ƙarfen da ba ya tsatsa a 1913 aka samar da shi a Shafil (Sheffield) ta Ingila. Alminiyum bai yi arha ba sai ƙarshen shekarun 1880. Sukuru mai kan gicciye bai bazu ba sai shekarun 1930. Ƙotar roba kuwa galibi bayan Yaƙin Duniya na Biyu ce. Sai dai ka lura ko ɓangaren na asali ne ko gyara, don ƙota takan mutu sau uku ƙarfe na nan.

4. Ƙirar gida ce ko ta kamfani

Fara da mahaɗa. Maƙerin gida yakan ja wa ruwan gatari, fartanya ko gizago wutsiya mai tsini, a gasa ta a soka cikin kan ƙota mai ƙulli, shi ya sa za ka ga bakin ramin ya ƙone. Na Turawa galibi ƙarfen ne ke da ido, ƙota ta shiga ciki a danne ta da ɗan itace ko ƙarfe.

Jikin ƙirar gida yana da sawun masaba, kaurinsa bai zama ɗaya ba, gefe biyu ba su yi daidai kamar an tsaga kara ba. Ƙarfen zubi kuwa yana da siririn layi a tsakiya inda ɓangarori biyu na mazubin suka haɗu, fatarsa da ɗan kaushi kamar yashi, rubutun da ke jikinsa kuma a tashe yake. Kada ka doke shi don gwaji, fashewa yake yi kamar kasko.

Akwai abu guda da ke taimakawa wajen ƙiyasin shekarun ƙirar gida. Da can ƙarfen tama ake narkawa, kuma irin wannan ƙarfe in ya yi tsatsa sosai za ka ga yana da jijiya-jijiya kamar itace. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sannan motoci suka yawaita, maƙera suka riƙa komawa ga tarkacen reluwe da sifirin mota, narkar tama ta yi ta ja baya. In ka ga ragowar huda mai zagaye cif wadda ba ta da wani aiki, ko wani fili sumul da guduma ba ta taɓa ba, to daga irin wannan tarkace aka ƙera shi. Tabon waldar lantarki kuwa kusan kullum gyaran baya-bayan nan ne.

5. Neman tambari

Kada ka goge ƙasar jikinsa nan take. Ka tsaya tukuna ka karanta mataki na 7, don akwai dattin da ba a son ya tafi. Bayan ka gama da shi, goge ƙasa da busasshen burushi, ka jiƙa tsumma da kananzir ka shafa a ƙarfe kaɗai, ka bar shi kamar minti 15, ka goge. Kashe fitilar ɗaki, ka kwantar da tocila ta yadda haskenta zai shafi ƙarfen ta gefe; rubutun da ba a gani da rana yakan fito a haka. In bai fito sosai ba, goga alli ka share da yatsa, farin zai zauna cikin haruffa. Ko ka ɗora takarda ka goga gefen fensir a kai. Duba kusa da ƙota, gefen ruwa, gindin ƙota da kan kowane noti.

Babban kuskure a nan shi ne kai abin wurin mai inji ya wasa shi ya yi ƙyalli. Tambari bai kai milimita ɗaya zurfi ba, cikin daƙiƙa kaɗan ya tafi, tare da duk sawun aikin da ke baki. Jiƙawa cikin ruwan tsamiya, lemun tsami ko ruwan batir ma haka: yana cin ƙarfen tare da tsatsar, ya bar shi fari-fat mai ramuka.

Ga yadda ake karanta abin da ya fito. Sunan gari kamar Sheffield, Birmingham ko Solingen yana nuna inda aka yi shi. Hoton kada a jikin adda ko fartanya tambari ne da kamfanonin Ingila biyu, Martindale da Chillington, suka yi suna da shi. Zaki tare da Peugeot Frères na Faransa ne, don gidan ya daɗe yana yin zarto da sauran kayan aiki kafin mota. Dokar Ingila ta 1887 da ta Amurka ta 1890 su suka sa rubuta sunan ƙasa a jikin kaya ya zama ruwan dare, saboda haka "Made in Germany" ko "England" ya fi nuna bayan wannan lokaci. "W. Germany" tsakanin 1949 da 1990 ne. "Occupied Japan" tsakanin 1947 da 1952. "Rd No" da lamba rajistar zane ce ta Ingila wadda ta fara daga 1884, ta kai wajen 350,000 a 1900. Shekarar da ke kusa da "Pat." ranar rajistar ƙirƙira ce, ba ranar ƙera wannan da ke hannunka ba, abin da take gaya maka kawai shi ne bai girme ta ba.

Alama mai layi uku kamar sawun kaza tana nuna kayan gwamnatin Ingila ne, galibi na soja. Haruffa irin su PWD (ma'aikatar ayyuka), NA (En'e) ko NR (reluwen Nijeriya) da aka buga ɗaya bayan ɗaya, ba a kan layi sosai ba, na mai kaya ne, ba na wanda ya ƙera ba, kuma suna nuna maka ma'aikatar da za ka bi. Sifana mai "1/2 W" kada ta ruɗe ka in ka auna bakinta ka ga kusan milimita 23.4: tsohon awon kusa ne na Ingila mai suna Whitworth, na 1841, lambar tana nufin kaurin kusar, ba faɗin bakin sifanar ba.

6. Karanta bakin aiki

Nan ne zuciyar al'amarin. Kowane kayan hannu yana da inda ake riƙewa da inda ke taɓa aiki. Gano su, sannan ka tambayi kanka abin da bakin zai iya yi: yanka, sara, huda, kankara, duka, matsa, ja, juya, awo ko sa alama.

Duba yadda aka wasa kaifin. Wanda aka wasa ta gefe biyu na sara ne ko yanka, kamar gatari da wuƙa. Wanda aka wasa ta gefe ɗaya na feƙe ne da daidaita fuska, kamar gizago da kurfin kafinta, wanda kusurwarsa kan kasance digiri 25 zuwa 30. Baki mai kauri, wajen digiri 60, na yanka ƙarfe ne. Baki siriri ƙwarai kamar ganye, wanda ba zai jure itace ba, na gashi ne, fata ko nama. In ruwan yana kwance a gicciye da ƙota, gizago ne ko danginsa. In yana bin tsawon ƙota, gatari ne. Baki mai lanƙwasa kamar cokali na rarake ciki ne, irin na masu sassaƙa turmi da akushi. Ƙarfe mai faɗi marar kaifi sosai, wanda ake kamawa da hannu biyu a tura, ka tuna da kartajin majema na kankare fata.

Tsini ma iri-iri ne. Mai zagaye sumul yana buɗa rami ba tare da yanka ba, na fata ne ko ƙwarya ko tabarma. Mai kusurwa huɗu yana ci in an murza, na itace ne. Mai ido a gindi ko kusa da tsini na ɗinki ne. Mai baƙin ɓawo da alamun shiga wuta akai-akai madoshi ne, wanda ake gasawa a huda ko a yi zane.

Akwai wasu kaya da suka fi ruɗa mutane a ƙasar nan, yana da kyau a san su:

Dunƙulen jan ƙarfe mai baki kamar ɗan gatari, a kan sandar ƙarfe mai ƙotar itace, ba guduma ba ce. Na liƙin dalma ne, ana gasa shi a garwashi. Za ka ga farin dalma a bakinsa.

Bututun ƙarfe mai tsini, da doguwar tsaga a gefe, gindinsa a buɗe, ba makami ba ne. Masu duba amfanin gona ke soka shi a buhu, gyaɗa ko hatsi su gangaro ta ciki a ga ingancinsu ba tare da an kwance buhun ba. Sau da yawa za ka same shi tare da ƙugiya mai gajeriyar ƙota a gicciye, ta 'yan dako.

Babbar filaya mai nauyi, mai baki dakushe da mahaɗa fiye da ɗaya, wani lokaci da sunan Burdizzo, ta malaman dabbobi ce, ta dandaƙar bijimi ko rago ba tare da yanka ba.

Ƙaramar filaya mai sukurun saiti da ɗan ƙarfe da ke fitowa in an matse, ta karkata haƙoran zarto ce.

Sandar ƙarfe mai ƙafa biyu da ke da tazarar milimita 1,067, wato ƙafa uku da inci shida, ma'aunin faɗin tsohon layin dogo ne.

Siririyar sandar ƙarfe sumul mai ɗan kauri a tsakiya, ba kaifi ba tsini, ta gurzar auduga ce a kan magurji. Ita tsofaffin mata za su gane ta nan take.

Dutse mai sulɓi da aka wasa wa baki, wanda ake kira gatarin aradu, aikin hannun mutanen da ne tun kafin ƙarfe, kuma kayan tarihi ne na gaske.

7. Inda ya cinye da abin da ya maƙale

Gindi da ya baje kamar naman kaza, duka ya sha: kurfi ne ko abin huda ko na buga zane. Duba fuskarsa, in da zane a juye, na ƙawata fata ne ko tagulla. Ƙota da ta yi sulɓi a wuri biyu, hannu biyu ke riƙe ta. Ramin da babban yatsa ya ci yana nuna yadda ake kamawa, har da ko mai shi bahago ne. Gefen ruwa da ya yi ƙyalli da dogayen zane-zane, ƙasa yake shiga. Huda da ta zama kamar ƙwai, wani abu ne ya daɗe yana juyawa ko rataye a cikinta, wanda ke nufin akwai ɓangaren da ya ɓata.

Tsokano lunguna da tsinke a kan farar takarda. Shuɗi na marina ne ko wurin bugu. Ja a jikin ƙota yakan zo daga rinin fata. Zaren auduga, garin itace, gashin dabba, busasshen laka, baƙin mai, kowanne yana nuni ga sana'arsa. Nannaɗe abin da ya fito a takarda ka ajiye. Shinshina ma, don ƙanshin taba, turare ko man kaɗanya yana daɗewa a itace.

8. Gwaji

Riƙe shi yadda sawun hannu ya nuna, ka ga motsin da ya zo da sauƙi. Rubuta zato biyu ko uku, kowanne ka tambaya: da wannan ne aikinsa, ina ya kamata ya cinye? In zaton bai dace da sawun ba, jefar da shi komai kyansa. Gwada a hankali a kan sabulu, kwali, guntun fata ko itace mai laushi. Kada ka tilasta mahaɗar da ta cije. Ɗiga kananzir safe da yamma na kwana uku zuwa mako, kana motsa ta kaɗan-kaɗan. Kayan da kake zargin na wanzanci ne ba a gwada su a jikin mutum ko dabba.

9. Kai wa masu sana'a

Tafi da abin kansa, don tsohon mai sana'a da hannu yake ganewa fiye da ido. Fara da maƙeri mafi tsufa a garinku, ko Sarkin Maƙera, saboda kusan duk masu sana'a a wurinsu suke yin kayan aiki. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka miƙa masa, ka ce, "Baba, an samu wannan cikin kayan kakanmu, ko ka san shi?" Ka yi shiru. Kada ka ce "ko na dukanci ne?", domin dattijo mai kara yana iya amsa maka da "haka ne" don kada ya kunyata ka. In ya faɗi suna, roƙe shi ya nuna yadda ake riƙewa da yadda ake aiki da shi. Wanda ya sani hannunsa kan tafi kai tsaye inda ƙotar ta cinye.

Tambayi mutum uku da ba su ji amsar juna ba. Sunaye suna bambanta tsakanin Kano, Sakkwato, Katsina da Damagaram, don haka rubuta kowane suna da garin mai faɗa. Aikin da suka nuna shi ne abin kwatantawa. Kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata a Kano, maƙeran tagulla na Bida, da maƙeran azurfa na Agadas wurare ne da har yanzu ake samun masu sanin tsofaffin kaya. Na kamfani kuwa, tsofaffin kafintoci, makanikai da 'yan fanshon reluwe sun fi kowa. Gidajen tarihi irin su Gidan Makama a Kano, na Jos, na Kaduna da na Boubou Hama a Yamai suna da kayan sana'o'i da za ka kwatanta da naka.

In ba ka da halin zuwa, sa sunan kamfani da lambar da ka karanta a intanet, ka nemi tsofaffin kundayen tallan kamfanin masu zane. Binciken hoto yana taimakawa a kan kayan Turawa, amma a kan ƙirar gida yakan kawo abin da ya yi kama kawai, kada ka dogara da shi.

10. Rubutawa da adanawa

Ka ɗauki amsa a matsayin tabbatacciya in abu uku sun haɗu: siffar baki ta dace da aikin, sawun cinyewa ya dace, sannan mai sana'a ko kundin kamfani ya gaskata. In biyu ne kawai, rubuta "ana zato". Yi ɗan kati mai suna, aiki, awo, tambari, inda aka samu, mai shi na asali da wanda ya gane shi, ka ɗaura da zare. Kada ka rubuta da fenti a jikin kayan.

Shafa wa ƙarfe man keken ɗinki kaɗan, ka goge har ya zama ba ya kama yatsa. Man gyaɗa yana daskarewa ya yi danƙo, baƙin mai kuma yana ɓata itace. In ka ga garin itace na zuba daga ƙananan ramuka a ƙota, ƙwari na ciki, ware ta daga sauran kaya. Ajiye a busasshen wuri sama da ƙasa, a nannaɗe da tsumman auduga. Leda tana tara gumi lokacin damina.

In ya tabbata ƙirar gida ce da ta girmi 1918, dokar Nijeriya ta 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi da kayan tarihi ta ƙasa tana ɗaukarsa a matsayin kayan tarihi. Ba a fitar da shi waje sai da izinin hukumar, saye da sayarwarsa ma akwai ƙa'ida, don haka kafin ka karɓi tayin kowane dillali ka je gidan tarihi mafi kusa da kai da hotunan da katin.